Garin Gwaggo Hansai a Bangon Dembe

Bangon siton Alhaji Abdulgani da ke bayan kasuwar Dembe, duk wanda ya zauna a Njamena a farkon shekarun dubu biyu ya san shi da hanci kafin ya san shi da ido. Dogon bango ne na siminti, kuma babu wani ɗan kasuwa da fitsari ya taɓa matsa bai je gindinsa ya tsuguna ba. Alhaji ya sa an rubuta gargaɗi da Faransanci, aka ƙara da Larabci, daga baya har ya sa aka zana bulala. Ni na zana bulalar, don haka na fi kowa sanin ba ta tsinana komai ba.

Sunana Mukhtar, sana'ata rubutun allon shago da zane. Idan ka ga kan bijimi yana murmushi a ƙofar mahauci a unguwar Dembe ko Milezi, to hannuna ne. Na gaji da kawunan shanu, gaskiyar magana ke nan, kuma na daɗe ina hangen wannan bangon kamar yadda manomi ke hangen fili. Wata rana na sami Alhaji a kan buzunsa yana shan shayi, na ce masa in ya ba mu bangon, zan tara masu zane kowa ya zana garin da aka binne cibiyarsa. Njamena duk baƙi ne, na ce, kuma mutum ba zai ga garinsu a bango ya kwance tazuge a gabansa ba.

Alhaji ya dube ni ta saman kofi. "Kai dai, Muntari, ba ka rasa surutu. To, na ba ku. Amma ban yarda da fuskar mutum a bangona ba. Ku zana itace, ku zana gida, ku zana raƙumi in kuna so. Kalas, magana ta ƙare."

Tara masu zane ya fi kiwon awaki wuya. Na fara da Noji, mutumin kudu daga wajen Mundu, wanda duk shagunan aski na garin nan shi ya zana musu kawuna. Da ya ji babu fuska sai ya ce an yanke masa hannun dama, ya yi fushi ya tafi, washegari kuma ya riga kowa zuwa da tsaninsa. Sai Taufiq mai zanen bayan manyan motoci, ɗan Abeshe, wanda bai yarda akwai hoton da ya cika ba sai da rana tana faɗuwa a cikinsa. Ta ƙarshe ita ce Falmata, mai tukwane daga ƙauyen Gawi, wadda ke kawo randuna kasuwa. Matan garinsu kan yi wa bangon gida ado da jar ƙasa da fara da baƙa, da hannu kawai. Na nuna mata gwangwanayen fentin da Alhaji ya saya mana, ta shinshina ɗaya ta mayar da murfi. Ta ce ita da ƙasarta za ta zo, kuma sai ta yaɓe rabonta na bango da laka tukuna, don ƙasa ba ta zama a kan siminti. Na ce ta yi yadda ta ga dama, na riga na gaji da gardama.

Na samo takardar izini daga meri, wato ofishin magajin gari, muka wanke bango da toka da ruwan zafi, muka raba shi da igiya. Noji ya fara gonar auduga da bukkoki masu kan tsini. Taufiq ya fara duwatsun garinsu, da ranarsa ja wur tana shirin faɗuwa. Falmata tana gefena na hagu tana kwaɓa laka. Ni da na kawo shawarar, ni ne na tsaya riƙe da gawayi kamar wanda aka aika ya manta saƙo, domin ban taɓa ganin garinmu ba.

Kakana Malam Ɗanladi ya baro ƙasar Hausa a ƙafa zai tafi aikin hajji, tun wannan gari ana kiransa Fort Lami. Ya tsaya nan ya huta, hutun da bai ƙare ba har aka kai shi kushewa. Ya sake aure a nan, ya haifi mahaifina a nan, ni ma nan aka yanke mini cibiya. Amma a gidanmu ba a cewa mu 'yan nan ne. In aka tambaye mu sai mu ce muna kan hanya, ko da yake hanyar ta yi mana jikoki. Mutum ɗaya ta rage cikin waɗanda suka taso daga can, ita ce Gwaggo Hansai, 'yar fari ta kakana, wadda aka taho da ita tana ƙaramar yarinya. Tana zaune tare da mu a Milezi, ta haura saba'in, yanar ido ta fara rufe mata gani.

Tun ina yaro magana ɗaya nake ji a bakinta: a garinmu aka binne Inna, wato mahaifiyarta, kuma tana so ta je ko daga nesa ta gaishe ta kafin ta bi ta. Sunan garin Tudun Wada. Ba direban Najeriya da ban tare a tasha na tambaya ba, kowanne sai ya yi dariya ya ce wace Tudun Wadar, ai ko'ina akwai ta. Kakana ya rasu Gwaggo tana budurwa, kuma an ce da an ambaci matarsa ta fari sai ya ɗauki buta ya fita. Babu wanda ya sami bakin zaren daga wurinsa.

Na same ta da hantsi a tsakar gida tana tsince wake da yatsu, tunda ido ya daina taimako. Na zauna na gaya mata abin da muke yi, na ce ta ba ni garin in sa shi a bango.

Ta ci gaba da tsince waken. Can ta ture faifan gefe. "Za ka iya, ɗan nan?"

"In kin faɗa daidai, Gwaggo."

"Ji mini yaro. Ni ce zan faɗi garinmu ba daidai ba?" Ta gyara zama. "To, ka yi sauri dai. Idon nan kullum ƙara ja mini labule yake. Ina so in gan shi tun da sauran haske."

Sai ta fara, kuma ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Akwai wani dogon gida na ƙasa a tsakiyar gari, in ji ta, mai bene, da ƙananan tagogi can sama. Gabansa fili ne, a filin kuma an kifa tukwane jere-jere suna shan rana, da randuna manya waɗanda ta taɓa shiga ɗaya ta ɓuya har aka yi ta nemanta. Bangayen gidaje duk da ado, ja da fari da baƙi, kuma ta tuna wata mata da hannunta ja har gwiwar hannu ta ɗiga mata ƙasa a goshi. Akwai goriba mai kai biyu da ta karkata kamar za ta leƙa cikin dogon gidan. Ta tuna ɗakin da Inna ta kwanta ciwo, ƙofarsa tana duban goribar. Ta tuna ranar da maza suka fito da Inna a kan tabarma suka bi ta bayan dogon gidan, wata tsohuwa ta riƙe ta ta hana ta bi.

"Daga nan sai muka taso," ta ce. "Baba ya ɗora ni a kan jaki. Ban sake ganin garin ba."

Na ji tausayinta, na kuma ji wani irin daɗi da nake jin kunyar faɗa. Shekara arba'in ina jin Noji da irinsa suna cewa za su je gida da Kirsimeti, ni kuwa ba ni da inda zan nuna da yatsa. Ga shi yau an miƙo mini gari sukutum da goribarsa.

Washegari na kama bango da gawayi. Na ɗaga dogon gidan, na huda masa tagogi, na karkatar da goriba, na shiga kifa tukwane a fili. Hannuna na gudu kamar ba nawa ba. Taufiq ya leƙo ya ce saura rana mai faɗuwa, na ce ya koma wajen duwatsunsa. Ina cikin zagaye bakin wata randa sai na lura ƙarar yaɓen Falmata ta tsaya. Na waiga na gan ta tsaye da laka a hannu tana kallon zanena.

Da Larabci muke magana da ita, kamar kowa a kasuwa. Ta ce, "Usta Mukhtar, ai da ka gaya mini kai za ka zana garinmu, da ban wahalar da kaina ba."

Na ce, "Wane garinku? Wannan Tudun Wada ce, a ƙasar Hausa."

"Wannan Gawi ce."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce mata tukunya ba a Gawi aka fara ta ba, ƙasar Hausa cike take da magina, kuma dogon gida na ƙasa kowane sarki yana da shi. Na faɗi wasu maganganun ma da ba su da amfani. Ta bari na gama. Sannan ta nuna goribar da haɓa ta ce wannan ta faɗi a shekarar da aka yi mata aure, kututturenta na nan har yanzu. Ta ce bayan dogon gidan akwai kududdufin da kakanninsu ke haƙar yumɓu, a ƙetarensa kuma akwai wani tudu mai ƙayoyi da ba a nomawa.

"Ba ka zana su ba," ta ce, "amma ka tambayi wanda ya ba ka labari."

Na ajiye gawayi na hau ɗan babur ɗina mobilet na nufi Milezi da zafin rai, niyyata in dawo in kunyata ta. Na tarar da Gwaggo ta idar da azahar. Na yi kamar ba komai, na ce wuri ya rage mini a bango, me ke bayan dogon gidan nan?

"Kududdufi mana," ta ce. "Inda mata ke ɗibar yumɓu. Sai wani tudu mai ƙaya a gaba, can suka nufa da Inna. Me ya sa ka dawo da rana tsaka haka?"

Na ce na manta burushi ne. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, matata Batulu ta leƙo ta ga fuskata ta koma ba ta tambaya ba. Lissafin ba shi da wuya. Yarinya ƙarama aka goyo daga Tudun Wada, ba ta riƙe komai na can ba sai suna. Ayarin mahajjata ya yada zango a Gawi, wataƙila damina ce ta tsare su, wataƙila ciwon Inna ne. A nan yarinyar ta fara wayo, a nan uwarta ta rasu, sai ta ɗauki sunan da take ji a bakin uba ta ɗora wa wurin da idonta ya sani. Gawi kuwa, in ka tashi daga Dembe bayan karin kumallo a kan keke, za ka isa shayinka bai gama narkewa ba. Randar da muke shan ruwa a tsakar gidanmu ma daga can take.

Na koma na ba Falmata haƙuri, abin da ba na yawan yi. Ta ce babu komai. Da ta je gida ta tambayi wata gwaggonta mai shekaru, tsohuwar ta ce ita ba ta san wata mata takamaimai ba, amma a zamanin iyayenta masu tafiya gabas kan sauka a garin, kuma wanda ajali ya riska a cikinsu a tudun nan ake ajiye shi.

Na roƙi Falmata kada ta gaya wa kowa. Na yanke shawara ni kaɗai cewa tsohuwa ta riƙe garinta shekara saba'in, ba ni zan ƙwace mata shi a ƙofar kabari ba. Ko don ita na yi hakan ko don kaina, har yau ban tantance ba. Muka cire igiyar da ke tsakanin rabona da na Falmata, ta yaɓe duka da laka, na mayar da zanen a kai, ita kuma ta bi da ƙasarta. Fentin mai ya sha kunya a wurin nan. Jan da ta fitar da tafin hannu, ni da gwangwanayena ba mu taɓa samun irinsa ba. Noji ya zo ya tsaya ya daɗe, ya ce ko babu fuska wurin nan kamar yanzu mutane suka tashi daga cikinsa.

Kwanaki suka ja, bango ya cika. Mutanen kudu na tsayawa gaban audugar Noji suna gardamar wane ƙauye ne, direbobin Abeshe na kawo wa Taufiq shayi. Masu matsuwa kuwa suka koma bangon maƙwabcin Alhaji, wanda ya daina gaishe ni. Gwaggo kullum sai ta tambaya, kullum in ce saura kaɗan, har ranar da ta ce in ban kai ta ba za ta kama hannun Batulu su nemi hanya.

Na kawo ta da safe a tasi, lokacin da haske ya fi yi mata sauƙi. Falmata na can ƙarshen bango tana shafa farar ƙasa ta ƙarshe. Na tsayar da Gwaggo daga nesa kaɗan. Ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, ta ce tana ganin ja da fari amma sun cakuɗe, in matsar da ita. Na matsar. Ta miƙa hannu ta sami bango, ta bi gefen dogon gidan da yatsu har ta kai goriba, tana gyaɗa kai. Sai ta tsaya cak. Ta kai fuskarta dab da lakar da ba ta gama bushewa ba, ta ja numfashi, ta sake ja.

"Muntari."

"Na'am, Gwaggo."

"A ina ka samo ƙasar garinmu?"

Falmata ta daina shafa, ta dube ni. Ƙarya ta zo mini har bakin harshe, mai sauƙi ma: in ce wani direba na aika ya ɗebo. Amma da ta yarda, abin da zai biyo baya shi ne ta ce a kira mata direban ya kai ta. Ga kuma tudun nan mai ƙaya, da wadda ke kwance a ciki. Na kama hannunta na zaunar da ita a kan bencin Noji, na tsuguna a gabanta na gaya mata duka, tun daga goriba har maganar tsohuwar Gawi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ƙarya nake ba. Ta kira Falmata da hannu, ta yi mata tambayoyi da Larabci a hankali: ƙofar dogon gidan ina take duba, ta wane gefe ake gangarawa kududdufi. Falmata na amsawa, Gwaggo na cewa haka ne. Da suka gama ta ɗora hannunta mai jar ƙasa a kan cinya.

"To Tudun Wada fa?" ta ce da ni. "Yaya take?"

Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma ashe haka. Na ji maganar har cikin ƙashina, domin a wannan minti gari ɗaya ya ɓace mana mu biyu, kuma na san babu sauran mai rai da zai dawo mana da shi.

"Mai motar nan ya tafi?" ta tambaya.

Bai tafi ba. Muka shiga, ni da ita da Falmata, muka bar Noji da Taufiq da tsani. Gwaggo ta zauna a baya ta riƙe carbi amma ba ta ja. Gari ya ƙare, fili ya buɗe, ba a jima ba mai tasi ya rage gudu. Ta ce me ya faru, mota ta lalace ne? Na ce a'a, mun iso. Ta ce, "Har mun iso?" Na fita na buɗe mata ƙofa.

Tukwane na nan a kife a rana. Ta taɓa ɗaya da ƙafa, ta sunkuya ta shafa ta. Mata suka fito suna gaisuwa, Falmata ta yi musu bayani a takaice da harshensu, sai suka ja baya suka ba mu hanya. Na riƙe gwiwar hannun Gwaggo don in jagorance ta, amma da muka zo kusurwar dogon gidan ita ta karkata hagu kafin ni. Muka wuce kututturen goriba, muka gangara ta gefen kududdufi wanda ya kusa ƙafewa. A ƙetare ga tudun, ƙayoyi da fasassun tukwane nan da can, babu wata alama da za a ce wannan ne kabarin wance.

A bakin kududdufin ta tsaya, kamar yadda ya kamata ga mace, ba ta ƙetara ba. Ta yi sallama da murya irin ta mai shiga gidan da ya sani. Ta yi addu'a mai tsawo, muka shafa tare. Sannan ta ce in nuna mata inda Milezi take daga nan. Na juya ta a hankali na ɗaga hannunta wajen. Ta ce in nuna mata yamma, na ƙara juya ta kaɗan. Ta tsaya haka, tudun yana bayanta.

"Duk sallar da na idar tun ina yarinya," ta ce, "sai na juya yamma na gaishe ta. Ashe baya nake ba ta."

Ta saki hannuna ta juya da kanta, ta laluba ƙasa ta zauna tana fuskantar tudun, ta miƙe ƙafa ta gyara mayafi.

"Je ka sallami mai motar nan, ɗan nan," ta ce. "Ba yanzu zan tashi ba."